Robar Bola da Malalar Ɗanyen Mai: Ina Amfanin Ya Tsaya?

A watan Yulin 2020 wani jirgin dakon kaya mai suna Wakashio ya hau kan duwatsun murjani a gaɓar tsibirin Morishiyos, bayan 'yan kwanaki ya fara tsiyayar mai, har kimanin tan 1,000 ya kwarara cikin teku. Mutanen tsibirin ba su tsaya jiran kayan aiki daga waje ba. Sun ɗinka dogayen buhuna, suka cusa ganyen rake da gashin kai a ciki, suka ɗaura musu gorunan roba da aka sha ruwa aka yar domin su yi iyo, suka jera su a kan ruwa don tare man. Abin da suka yi cikin gaggawa shi ne masu bincike a jami'o'i da dama suke ƙoƙarin mayarwa sana'a: a ɗauko robar bola, a sarrafa ta ta zama soso ko tabarma mai tsotse man da ya malala.

Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa yana cikin asalin robar kanta. Daga man fetur aka yi ta, saboda haka jininsu ya haɗu. Mai yana manne mata, ruwa kuwa zamewa yake yi. Duk matar da ta taɓa wanke kwanon roba da aka zuba miyar manja a ciki ta san wannan: sai an yi ta cuɗa sabulu, maiƙon bai fita ba. Kamfanonin mai sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tabarmin da suke shimfiɗawa a kan malala yawanci da zaren robar polifirofilin ake yin su, irin wadda ake saƙa buhun shinkafa da ita, ake kuma yin takunkumin fuska na asibiti. Tabarmar tana shan mai ninkin nauyinta sau goma ko fiye, ta kuma ci gaba da iyo. Sabon abin kawai shi ne a daina yin ta da sabuwar roba, a yi ta da wadda aka zubar.

Ita kuwa wadda aka zubar ba ta da iyaka. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa a 2019 duniya ta tara sharar roba tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin ɗari kacal aka sake sarrafawa. Masu bincike suna narkar da farin soson da ake zuba abinci a ciki, ko gorar ruwa, ko tsohon buhu, su ja shi ya zama zare siriri fiye da gashi, mai ƙananan ramuka da yawa inda mai zai maƙale. A 2018 masana a Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun nuna cewa gorar ruwa guda tana iya zama faifan soso mara nauyi mai faɗin takardar rubutu, sun kuma ce idan aka shafa masa wani sinadari yana shan mai har ninki bakwai na tabarmin da ke kasuwa.

Ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, amma ana yawan ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ana cewa zai rage tulin roba a duniya. A yi lissafi: idan soso yana shan ninkin nauyinsa sau goma, duk man Wakashio tan 100 na roba ya ishe shi. Tan 100 a gaban tan miliyan 353 ko cikin cokali bai kai ba. Ledar fiya wata da ke toshe magudanan Kano da Legas ba ta wannan hanya za ta ƙare ba.

Ta ɓangaren man ma akwai iyaka. Soso yana aiki ne a kan man da ke shawagi a saman ruwa, a sa'o'i da kwanakin farko, inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Lokacin da rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meziko a 2010, mutum 11 suka mutu, gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9 ta fita, kuma duk da ɗimbin jiragen da aka tara, wajen kashi 3 cikin ɗari aka iya kwashewa daga saman ruwa.

A Neja Delta kuwa ciwon ya fi haka zurfi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011 ya sami sinadarin benzin mai jawo sankara a rijiyoyin shan ruwa na Nisisioken Ogale, ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, ya kuma ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wannan mai ne da ya nutse cikin ƙasa, ya shiga laka, ya kama saiwar itatuwan bakin ruwa inda kifi ke ƙwai. Babu tabarmar da za ta bi shi can. Masuntan ƙauyen Bodo, waɗanda malalar 2008 da 2009 ta kashe wa sana'a, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya su diyyar fam miliyan 55. Abin da ya cuce su shi ne man ya yi makonni yana zuba ba a toshe bututun ba. Da a ce akwai tabarmi mai araha a ajiye a ƙauyen, da hannun mutanen da aka koya wa aiki da shi, da an rage ɓarnar kwanakin farko. A nan ne nake ganin fa'idarsa ta ainihi, domin kayan da ake shigowa da su da dala ba sa isa ƙauye da wuri.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna: bayan soson ya sha man, ina za a kai shi? Ya zama shara mai guba wadda ta fi robar farko haɗari. Idan aka bar shi a ruwa, rana da igiya za su farfasa shi ya zama ɓurɓushin roba da kifi ke haɗiya, ga mai a jikinsa. Idan aka cinna masa wuta a fili, hayaƙin ya koma huhun mutanen da aka ce ana ceto. Wasu nau'o'in ana iya matse su a sake amfani da su sau da dama, ana kuma iya ƙona ragowar a tanderun masana'antar siminti mai tsananin zafi, amma duka biyun suna buƙatar wanda zai bi ya kwaso kowane yanki ya ƙirga. Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don sa ido kan malalar mai a Najeriya, ita ya kamata ta gindaya wannan sharaɗi kafin a yarda da kowane irin soso.

Akwai kasuwa kusa da mu da ba a cika ambata ba. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota a garejin makanikai, da gas ɗin da ke ɗiga a gidajen mai da wurin janareto, duk cikin kwata suke ƙarewa, damina ta kwashe su zuwa rafi. Malala ce ƙanana, kullum, a wuri ɗaya da aka sani, inda shimfiɗa tabarma da ɗauke ta ba su da wuya. 'Yan bola jari kuma sun riga sun iya rarrabe roba iri-iri da ido da hannu. Abin da masana'anta za ta nema a wurinsu shi ne buhu da gora masu tsabta, kowane iri daban, kuma ba za su ɓata lokacin wankewa da warewa ba sai kuɗin kilo ya fi wanda suke samu yanzu.