Tafiyar Kirsimati Da Hanyar Birnin Gwari

Idan hunturu ya kama, aka gama yankan dawa, masara ta shiga buhu, akwai alamar da 'yan kasuwar Magajin Gari a Birnin Gwari suka saba gani, ba sai sun duba kalanda ba. Mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shekara duka yake ɗaga wa mutane ƙafa, sai a gan shi da littafinsa yana bin waɗanda suka ci bashinsa ƙofa ƙofa. Malamin makarantar boko ya shiga cinikin akuya, tela kuwa ya daina karɓar sabon ɗinki. To, kowa ya san Kirsimati ya matso, baƙi suna shirin tafiya gida.

Ran 25 ga Disamba ne Kiristoci suke bikin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda labarin haihuwarsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanta Suratu Maryam. Gwamnati takan ba da hutun ranar da kashegarinta. Lissafinsu na rana ne, don haka bikin ba ya gusawa daga wurinsa, ba kamar Salla ba, wadda take ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, har takan riske shi. A shekara ta 2000 Ƙaramar Salla ta faɗo kwana biyu bayan Kirsimati, a 2015 kuwa hutun Mauludi ya zo ana gobe Kirsimati. Tsayawar bikin nan wuri ɗaya ita ta mai da shi lokacin komawa gida, gama kullum yakan tarar ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, makarantu sun tashi, manomi kuma yana da kuɗin biyan bashi.

Ba ibada kaɗai take ɗaga su ba, domin akwai coci a inda suke zaune. Zumunci ne. Hanya uku ta fita daga garin, ta Funtuwa, da ta Kaduna, da ta Tegina, biyun nan na ƙarshe su ne nasu. Yarbawa sukan bi ta Tegina da Mokwa, su ƙetare Kwara a Jebba, su nufi Ilori da Ogbomosho. Inyamurai, watau Ibo, sukan bi ta Kaduna da Abuja da Lokoja har su ƙetare gadar Anaca, wadda aka gama a 1965. Cunkoson masu komawa gida a kan gadar nan ya yi yawa, har da aka gina ta biyu, ran 15 ga Disamba 2022 aka fara buɗe ta na ɗan lokaci, tun ba a yi bikinta ba, saboda matafiyan Kirsimati. Mutanen kudancin Kaduna kuwa sukan nufi Kaciya da Zonkwa da Kafanchan, na Kagoro su tsaya har 1 ga Janairu don bikinsu na Afan.

Abin da suke tararwa a can ba zai yi wa mai karatu wuyar ganewa ba. Bafataken da ya dawo daga Gwanja a zamanin da, da gardin da ya komo daga Gabas bayan ya sauke, duk sun san shi. Tsohuwa ta ga jikokin da aka haifa mata a wata ƙasa, ta ji suna Hausa sun fi iya harshen ubansu, ta yi dariya ko ta yi faɗa. A zauna taron dangi, a raba gardamar gona, a sa ranar aure, a ƙara jeri biyu na bulo a kan ginin da aka soma tun shekara biyar. Da dare kuma sai abokan ƙuruciya su taru, wanda ya zama babban ma'aikaci a Ikko da wanda bai taɓa barin ƙauye ba, su ci a kwano ɗaya, a kira kowa da sunan tsokanar da aka sa masa tun yana yaro. Mutum yakan yi adashin shekara guda saboda mako biyun nan, kuma ba wauta ya yi ba, ko da yake akwai masu wuce gona da iri, su ci bashi don a ce sun zo da arziki, su dawo Janairu ba jari.

Wanda zai tafi ba ya tafiya da kantinsa. Makulli yakan damƙa wa maƙwabci, sau da yawa Musulmi, wanda ya fi sanin amanarsa: ga kanti, ga kaji a bayan gida, idan wane ya kawo sauran kuɗi a karɓa. Ba takarda, ba shaida. Wanda bai sami tafiya ba kuwa, idan zai yanka abin biki, sai ya kira Musulmi ya yanka masa, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Shinkafa da cincin su shiga gidajen da naman layya ya fito daga cikinsu ran Babbar Salla. Ma'aikata Musulmi 'yan asalin garin, waɗanda suke aiki a Kaduna da Abuja, su ma hutun nan suke jira su zo su gai da iyaye, shi ya sa ake yawan sa ranar ɗaurin aure a ƙarshen Disamba. Motar da ta fita da baƙi ita take dawowa da 'yan gari.

Amma dukan wannan a kan hanya ya rataya. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna kimanin mil 75 ne, ta Udawa da Buruku. Ita ce tsohuwar hanyar Ikko, wadda manyan motoci suke bi daga Arewa zuwa Kudu, albarkarta ce ma ta sa sabon gari ya tsaya a bakinta, aka bar Tsohuwar Birnin Gwari can ciki. Ga kuma daji ya kewaye ta: Kamuku, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1999, da Kuyambana wanda ya miƙe har Zamfara. A cikin dazuzzukan nan ɓarayin shanu suka yi sansani, daga satar shanu suka koma satar mutane. A watan Mayu 2018 suka faɗa wa ƙauyen Gwaska suka kashe mutum fiye da 40, a cikin watan nan kuma suka yi ta tare motoci suna kora fasinjoji cikin daji. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana cin kasuwannin mako da hawan babur, aka kuma yanke wayar salula a yankin har ƙarshen Nuwamba. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar nan, cikin ƙasar Chikun, ba a sako su ba sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki.

A shekarun nan tafiyar Kirsimati ta sake kama. Da, mai tafiya yakan zaga ya yi sallama da kowa, a ɗaure masa akuya da buhun masara a bisa mota. Sai ya zamana ba ya gaya wa kowa ranar tashinsa, in ban da mai riƙe masa makulli, don tsoron 'yan leƙen asirin ɓarayi. Ya sa tsohuwar riga, ya bar tsaraba. Motoci su taru su jira rakiyar soja ko ta 'yan banga, tafiyar awa biyu ta cinye wuni. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, adashin shekara da jarin kanti duk sukan tafi a kuɗin fansa, wani lokaci har da gonar dangi. Ɓarayin ba su ware kowa ba, da mai zuwa Kirsimati da mai zuwa ɗaurin aure mota ɗaya aka fitar da su.

Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne Gwarawa, watau Gbagyi, na ƙauyukan da suke gefen hanyar, waɗanda da yawansu Kirista ne. Baƙo yana da garin da zai gudu zuwa. Su kuwa nan ne gida. Saurayinsu da yake aiki a Kaduna ko Abuja, in Disamba ta zo, sai ya tarar ba inda zai koma, gama iyayensa sun riga sun taso sun kama ɗakin haya kusa da shi, abokan wasansa sun watsu gari gari, ciyawa ta cinye dandali.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, ya karɓi waɗansu daga cikin ɓarayin da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma buɗe kasuwar Kara bayan ta yi shekaru a rufe. Lokacin ya yi wa dillalai daidai, domin a Disamba ne Kudu take neman shanu ƙwarai, na biki da na aure. A wannan watan aka ga motocin shanu suna fita, masu tafiya gida kuma suka kama hanya. Mutane sun rabu a kan sulhun: waɗansu suka ce ko ba kome an sami hanya, waɗansu kuma, musamman waɗanda aka kashe wa nasu, suka ce ba a yi musu adalci ba. Kowanne yana da hujjarsa.

Maƙwabtan da ake ba makulli kuwa suna da nasu lissafin, ba sa yin sa sai mako na biyu na Janairu. A sa'an nan ne masu kanti suke dawowa ɗaya ɗaya, da galan na manja da garin rogo da goro, a miƙa musu makulli da kuɗin da aka karɓa a madadinsu, a ƙirga a gaban juna. A shekarun tsoro akwai waɗanda ba su dawo ba. Sai daga baya saƙo ya zo cewa a sayar da kayan da suka rage, a aika da kuɗin, a mai da wa mai ɗaki makullinsa.