Yadda Amurka Ke Horar Da Ma'aikatan Jinya Su Riƙa Duba Marasa Lafiya

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa masu yawa na ƙasar Amurka, wanda ya je ƙaramin asibiti da zazzaɓi ko hawan jini ko ciwon sukari sau tari ma'aikaciyar jinya yake tararwa a kan kujerar likita. Ita ce za ta saurari kukansa, ta auna shi, ta tura shi gwajin jini, ta faɗi cutar da ke damunsa, sa'an nan ta rubuta masa magani da hannunta. Doka ce ta ba ta wannan iko, bayan ta koma jami'a ta yi digiri na biyu a kan aikin.

Asalin wannan tsari yana komawa ga shekarar 1965, a Jami'ar Kolorado. A wancan zamani matasan likitoci sun fi karkata ga ƙwarewa a fanni guda, kamar tiyata ko ciwon zuciya, domin a nan kuɗi da daraja suke, kuma manyan birane ne ke riƙe irin waɗannan likitoci. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa shirye-shirye biyu na biyan kuɗin magani, ɗaya domin tsofaffi, ɗaya domin matalauta, watau masu zuwa asibiti suka ƙaru a daidai lokacin da masu dubansu suka yi ƙaranci. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Loretta Ford, wadda ta daɗe tana zagaya karkarar Kolorado tana duba yara da iyayensu mata, ta haɗa kai da wani likitan yara, Henry Silver, suka tsara kwas na musamman. Ɗalibai su yi wata huɗu a asibitin koyarwa suna koyon auna yaro da gane cututtukan da aka fi samu, daga nan su fita su yi wata ashirin suna aiki cikin jama'a.

Abin mamaki, waɗanda suka fara yi wa shirin tawaye har da manyan malaman jinya kansu. Tsoronsu shi ne kada a mayar da ɗalibansu ƙananan likitoci, 'yan aiken manya, aikin jinya ya rasa mutuncinsa. Loretta Ford ba ta ja da baya ba. A 1972 ta zama shugabar farko ta makarantar jinya ta Jami'ar Rochester, kuma ta yi tsawon rai har ta ga abin da ta shuka ya game ƙasa, domin sai a watan Janairu na 2025 ta rasu, tana da shekara 104.

Da farko takardar shaida kawai ake bayarwa, amma sannu a hankali horon ya koma hannun sassan karatun gaba da digiri. Yanzu hanyar tana da tsawo. Galibi mai nema yakan fara samun digirin farko na jinya, wanda kan ci shekara huɗu, ya ci jarrabawar ƙasa, ya karɓi lasisi. Bayan haka ne zai shiga digiri na biyu, na shekara biyu zuwa uku. A 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta nemi a ɗaga matakin zuwa digirin dakta na aikin jinya kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce, digiri na biyu bai kau ba, ko da yake masu yin na daktan sun yawaita.

Darussa uku ne ginshiƙin karatun, kuma wata yarjejeniya da ƙungiyoyin jinya suka cim ma a 2008 ta wajabta su a kan kowa. Na farko shi ne sanin yadda cuta ke ɓata aikin gaɓoɓin jiki, domin wanda bai san abin da hawan jini ke yi wa ƙoda ba, ba zai san dalilin auna fitsarin mai hawan jini ba. Na biyu shi ne binciken majinyaci: yadda ake jan zance da shi har tarihin ciwonsa ya fito, yadda ake sauraren ƙirji, da taɓa ciki, da leƙa kunne da maƙogwaro. Na uku ilmin magunguna ne, watau yawan da ya dace da yaro da wanda ya dace da tsoho, da magungunan da ba sa jituwa da juna. Bayan waɗannan kowane ɗalibi yana zaɓen rukunin mutanen da zai riƙa dubawa: yara, ko manya da tsofaffi, ko mata, ko masu taɓin hankali. Mafi yawa suna zaɓen fannin iyali, wanda ya haɗa jariri da kakansa, domin shi ne ya fi amfani a garin da ba shi da asibiti sai ɗaya.

Ko aikin nasu yana da inganci? An gwada. A 1974 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a garin Burlington na ƙasar Kanada, inda aka rarraba iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu ga likitoci, wasu ga ma'aikatan jinya masu wannan horo, ba a kuwa sami bambanci a lafiyar ɓangarorin biyu ba. A shekarar 2000 Mary Mundinger da abokan aikinta na Jami'ar Kolombiya suka fitar da irin wannan bincike a kan majinyata 1,316 a birnin New York, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya. Hukuma ma ta bi sahu. Jihar Idaho ce ta fara shigar da aikin cikin dokarta a 1971. A 1977 Majalisar Dokokin Amurka ta yarda a riƙa biyan kuɗin aikinsu a ƙananan asibitocin karkara, a 1997 kuma aka ba su damar karɓar kuɗinsu kai tsaye daga asusun tsofaffi, kashi 85 cikin ɗari na abin da ake biyan likita. Ya zuwa 2023 masu lasisin wannan aiki sun haura 385,000, kuma jihohi 27 sun yardar musu su buɗe wurin aikinsu ba tare da sa hannun likita ba.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba, kuma a kan horon take. Ƙungiyar likitocin Amurka tana cewa likita yana shafe awa dubu goma sha biyu zuwa dubu goma sha shida a gaban majinyata kafin a sakar masa mara, alhali mafi ƙarancin abin da aka daɗe ana nema daga ɗalibin jinya awa 500 ne, wanda aka ba da shawarar ɗagawa zuwa 750 a 2022. Ma'aikatan jinya suna amsawa da cewa da yawansu sun yi shekaru a gefen gadon majinyaci tun kafin su koma makaranta, kuma aikinsu bai haɗa da tiyata ba. Amsar tana da ƙarfi, sai dai ba ta rufe kowace ƙofa ba, domin akwai makarantun da ke karɓar ɗalibi bai yi aikin jinya na ko da shekara guda ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen koyon aiki. Makarantu masu koyarwa ta intanet sun yawaita, suna ɗibar ɗalibai da yawa, wasu kuma sukan bar wa ɗalibi wahalar nemo likita ko babban ma'aikacin jinya da zai tsaya a kansa. Akwai masu buga waya asibiti bayan asibiti wata da watanni, akwai masu biyan dillalai daga aljihunsu, akwai kuma waɗanda kammala karatunsu ke jinkiri saboda haka. Ɗalibai biyu sukan fito da takarda iri ɗaya, ɗaya ya duba ɗaruruwan majinyata a ƙarƙashin gogaggen malami, ɗaya kuwa yawancin lokacinsa kallo ya yi. Don cike wannan giɓi ne wata cibiyar lafiya a jihar Connecticut ta fara, a 2007, ɗaukar sababbin masu digiri aikin shekara guda a ƙarƙashin kulawa, kamar yadda ake yi wa sababbin likitoci. Wasu cibiyoyi da asibitocin tsoffin sojoji sun kwaikwayi wannan, amma shekarar ba dole ba ce, kuma guraben ba su kai yawan masu fitowa ba.