Wake Da Shinkafa: Daga Kakuri Zuwa Amurka

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna da hantsi, ya nufi Kakuri ko Makera ko Barnawa ko Sabon Tasha, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da wata mace zaune a bakin titi da ƙatuwar tukunya a gabanta, ga kwalbar mai, ga gwangwanin yaji a gefe. Abin da ke cikin tukunyar nan wake da shinkafa ne, wanda samari ke kira garau-garau. Makanikai da direbobi da 'yan makaranta kan zauna a benci ɗaya, kowa da kwanonsa, Musulmi da Kirista, ba mai tambayar wani inda ya ke yin ibada. A birnin da kogi ya zama kamar iyaka tsakanin jama'arsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan sashe na Kaduna ma'aikata ne suka raya shi. A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya, sa'an nan a 1975 kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya buɗe. Dubban mutane suka kwararo daga ko'ina: Hausawa da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Nufawa da Yarbawa da Ibo, suka tarar da Gbagyi 'yan ƙasa. Kowa ya zo da tuwon garinsu da miyarsu, amma idan aka tashi hutun rana, abincin da ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi riƙe ciki, shi ne wake da shinkafa. Masaƙar ta rufe a 2002, amma tukunyar ba ta sauka daga murhu ba har yau.

Dahuwarsa ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. Uwargida za ta auni gwangwani ɗaya na wake ga gwangwani biyu na shinkafa, ko ta daidaita su idan mutanen gidan masu son wake ne. Ta tsince waken sarai, ta fid da tsakuwa da ruɓaɓɓe, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ta wanke, ta ɗora a wuta da isasshen ruwa da albasa da ɗan gutsuren kanwa. Kanwar ita ke sa wake saurin laushi, amma idan ta yi yawa abincin ya kan yi baƙi, ya yi ɗaci, ta kuma kashe wani sashe na amfaninsa. Idan wake ya yi rabin nuna, watau ya fara murzuwa tsakanin yatsu amma bai fashe ba, sai a zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri. Da ruwa ya kusa tsotsewa sai a rage wuta, a rufe, a bari ya turara. Wanda ya zuba su tare tun farko zai sami shinkafa ta caɓe, wake kuwa yana ƙaras-ƙaras. Daga nan sai a soya man gyaɗa ko manja da albasa, a kawo yajin barkono, da latas da tumatir in da hali.

Masana abinci sun tabbatar da hikimar wannan haɗi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake abinci ne mai gina jiki, kuma abin da wake ya gaza da shi akwai shi a shinkafa, abin da shinkafa ta rasa wake yana da shi. Saboda haka ko ba nama, kwano ɗaya ya ishi lebure ƙarfin aiki. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan irin wake a duniya, Jamhuriyar Nijar na biye da ita. Sai dai a kula da inda aka sayo shi, domin wasu 'yan kasuwa kan zuba masa maganin ƙwari mai guba lokacin ajiya. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya a 2015. Waken da ke warin magani a guje shi, wanda aka saya kuma a wanke shi sosai, a zubar da ruwan tafasar farko.

Abincin nan ya daɗe da fita ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun kafa zango-zango a ƙasar da a yau a ke kira Ghana, kuma har gobe a Akara da Kumasi ana sayar da shinkafa da wake da sunan waakye, kalmar da ta samo asali daga wake na Hausa. Su kan dafa shi da karan dafi domin ya yi ja.

Tafiyarsa mafi nisa kuwa ta baƙin ciki ce. A zamanin cinikin bayi an kwashi mutane masu yawa daga gaɓar teku, tun daga Sanagal har Saliyo, inda aka gwanance da noman shinkafa, aka kai su gonakin shinkafa na Karolina ta Kudu a Amurka. Waken Afirka ma ya ƙetare teku a wannan zamani. A can aka ci gaba da dafa su tare, aka raɗa wa abincin suna Hoppin' John. Wani littafin girki mai suna The Carolina Housewife, wanda Sarah Rutledge ta wallafa a 1847, ya kawo yadda a ke dafa shi. Har yanzu mutanen kudancin Amurka, baƙaƙe da farare, kan ci shi ranar 1 ga Janairu tare da dafaffen ganye, suna fatan shekara mai albarka.

To, a nan ne bambancin ya ke. A Amurka da naman alade a ke fara dahuwar. A kan tafasa kyafaffen naman ko mai gishiri, a dafa waken cikin romonsa, sa'an nan a zuba shinkafa. Dalili kuwa shi ne, naman alade mai gishiri na cikin abin da masu gona suka fi raba wa bayi. Alhali kuwa cikin bayin nan har da Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta musu shi. A yau iyalai da dama a can sun musanya shi da kyafaffen naman talo-talo, wasu don addini, wasu don lafiya.

A kudancin Kogin Kaduna ma akwai masu cin naman alade. Akwai masu kiwonsa, akwai mahautansa a wasu unguwanni, wurinsu daban, kuma babbar kasuwarsa ta Katsit kusa da Kafancan sananniya ce a ƙasar nan. Amma al'adar girkinmu ta bambanta da ta Amurka: wake da shinkafa fari a ke dafa shi, ba a sa nama cikin tukunya. Kifi ko ƙwai ko nama a gefe su ke, kowa ya zaɓi abin da ya dace da shi. Wannan 'yar dabara ita ce ta sa abincin ya zama na kowa.

Mai karatu ya san abin da ya sami Kaduna a rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002. Rayuka sun salwanta, iyalai da yawa suka sayar da gidajensu, Kiristoci suka koma kudancin kogi, Musulmi suka koma arewa. Yara sun tashi ba su san maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba. Wuraren da suka rage a ke cuɗanya su ne kasuwa da wurin aiki da bencin mai abinci, kuma amana ce ke riƙe da su.

Saboda haka mai sayar da abinci ta riƙe gaskiya: in an tambaye ta irin man da ta yi amfani da shi ko naman da ke cikin miya, ta faɗa ba ɓoye-ɓoye. Gidan da a ke cin alade, idan za a kai wa maƙwabci Musulmi abincin Kirsimeti, a ware tukunya da ludayi da kwano. Musulmin da aka girmama haka, shi ma ya karɓa da fara'a, ya rama da naman layya ranar Babbar Salla. Iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri haka suka zauna, kuma zumunta a ƙafa ta ke. Allah Ya zaunar da Kaduna lafiya, amin.