Lasifika mai tsada: me kuɗinka yake saya?

Wanda ya taɓa shiga Zongo Lane a Akra ko kasuwar Alaba a Legas ya san tazarar farashin lasifika: wata kuɗin buhun shinkafa, wata ta kamo kuɗin mota. Na daɗe ina sayar da kayan sauti, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Alhaji, mai tsadar nan ta fi ƙara ne?" Gaskiya ba lallai ba ne. Abin da ake biya wa kuɗin shi ne tsabtar sauti.

Lafiyayyen kunne yana jin sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Lasifika mai kyau, irin ta KEF ko Bowers & Wilkins na Ingila, tana raba aikin: wufa ta ɗauki amo mai kauri, twita ta ɗauki siriri. Akwatinta mai nauyi ne, ba ya karkarwa. Shi ya sa za ka ji kalangu daban, murya daban, har numfashin mai karatu, ko da ka rage sauti yara na barci. Za ka yi awa uku kana saurare kanka bai yi nauyi ba.

To amma tana da nata aibun. Na farko, ba ta rufa asiri. Wa'azin da aka ɗauka da waya, aka yi ta turawa a WhatsApp, duk shuu ɗin da ke ciki sai ta fito da shi. Na biyu, ɗaki ne rabin sautin. Falonmu na tayil da siminti, ba labule ba kafet, amsa-kuwwa yake yi, sai ta miliyan ta koma kamar ta dubu ashirin. Na uku, tana son amfilifaya daidai da ita. Ƙarami in aka matsa masa, sautinsa ya karye, twita yake ƙonawa, kuma samun ta asali a kasuwanninmu aiki ne. Ga wutar da ke hawa da sauka, wadda ke cin amfilifaya in ba sitabilaiza, ga danshin bakin teku irin na Duwala da ke ruɓar da soson bakin wufa.

Kada lambar kwali ta ruɗe ka. "5000W PMPO" talla ce kawai. RMS za ka duba. Kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai wajen wat ninki goma. Jabu kuwa sun cika gari, har da tambarin JBL. Ɗaga ta ka ji nauyi, ka nemi takardar garanti.

Shawarata, fara da tambayar aikin da za ta yi. Masallaci ko tallar kasuwa, mai bakin ƙaho irin ta TOA ta fi, don muryar mutum take kaiwa nesa, tana jure rana da ruwa. Ta gida kuwa, je da sautin da ka sani, a kunna maka a hankali, ka ware kuɗin labule da kafet tun farko. Sannan a tausaya wa yara: zama cikin ƙarar da ta haura desibel 85 na tsawon awa 8 yana lalata ji, kuma wannan ba ya dawowa.