Magen Ingila a Adjame: kyanwa ake saye ko takarda?

Ranar wata Asabar da la'asar, ɗan yayata ya tare ni a bakin shagonsa na wayoyi da ke Black Market a Adjame, ya miƙo mini waya yana ta murmushi. "Kawu, don Allah dubi wannan, ka taɓa ganin irinta?"

Hoton wata mage ce ruwan toka, kai zagaye kamar ƙwarya, kumatu cike, idanu ruwan tagulla. Mai ita ya saka ta a Facebook, ya ce daga Faransa aka kawo uwarta, kuma sai an tura masa kafin alƙalami ta waya kafin a je a gani. Yaron ya riga ya gama lissafinsa: ya sayi mace da namiji, su haihu, ya kai 'ya'yan Cocody da Zone 4 inda masu hannu da shuni suke. A daidai lokacin, wata siririyar kyanwa tana ƙarƙashin teburin mai garba da ke gefenmu tana jiran a jefo mata kan kifi. Babu wanda ya taɓa taya ta ko dala.

Wannan mage ta hoto ita ake kira British Shorthair, wato magen Birtaniya mai gajeren gashi. Asalinta kuwa ba gidan sarauta ba ne. Magunan titi ne da na gonaki a Ingila, masu kamun ɓera kamar namu, har sai da wani mai zane, Harrison Weir, ya ga ya kamata a daraja su. Shi ne ya shirya babbar gasar maguna ta farko a Crystal Palace da ke Landan a watan Yulin 1871, inda aka baje fiye da maguna 150, ya kuma rubuta ƙa'idojin da alƙalai za su bi wajen ba da maki. Daga nan aka fara zaɓen wa za a haɗa da wa, ana rubuta sunan uwa da uba. A 1910 aka kafa hukumar GCCF mai riƙe da rajistar maguna a Birtaniya.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun kusa ƙarar da irin. Da aka zo farfaɗo da shi, sai masu kiwo suka riƙa haɗa shi da magen Farisa mai dogon gashi. Daga can ta ƙara samun wannan zagayayyiyar fuska da ke tafiya da hankalin mutane, daga can kuma ta gaji wata cutar ƙoda da za mu zo kanta.

A gasa, alƙali yakan ɗora mage a tebur, ya shafa gashinta ya ji kaurinsa, ya duba faɗin kai, ƙanƙantar kunnuwa da tazarar da ke tsakaninsu, gajartar ƙafafu, kaurin wutsiya da launin ido. A tsarin da Faransa da yawancin Turai ke bi, sai mage ta samu takardar cancanta da ake kira CAC har sau uku, ba daga hannun alƙali ɗaya ba, kafin a kira ta zakara. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kyau kaɗai ba ya shigar da mage wannan layin. Sai da takardar asali.

To a nan gizo ke saƙa. A Faransa, tun dokar 6 ga Janairun 1999, ba a yarda mai sayarwa ya kira mage "ta asali" ba sai tana da rajista a littafin da gwamnati ta amince da shi, wato LOOF, wanda aka kafa a 1996. In babu wannan, iyakar abin da zai ce shi ne ta yi kama da iri kaza. Takardar tana ɗauke da sunayen iyaye da kakanni, da lambar wata 'yar ƙaramar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da likita ke sakawa ƙarƙashin fatar wuya. Lambar tana da alƙaluma 15, kuma ta Faransa da 250 take farawa. Duk likitan dabbobin da ke da na'urar karantawa zai duba maka cikin minti ɗaya. In lambar da ke jikin uwar ba ta zo daidai da ta takarda ba, magana ta ƙare.

A can, ɗan irin wannan mage mai cikakkiyar takarda yakan kai yuro 1,000 ko fiye, wato sama da sefa 655,000, ban da kuɗin jirgi da allurai. Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ka ita a kuɗin wayar hannu ta tsaka-tsaki, ka tambaye shi ina ya samo wannan rahusar. Kuma ba kowace mage ruwan toka ce 'yar Ingila ba. Faransawa suna da tasu, Chartreux, wadda ko Janar de Gaulle ya taɓa kiwo, kuma kamanninsu ya kai har ƙungiyar FIFe ta haɗe su wuri ɗaya a 1970, kafin ta sake raba su a 1977. In masana sun shekara bakwai suna wannan ruɗani, ina ga mai kallon hoto a waya? Tura kuɗi kafin ka ga uwa da takardarta cinikin biri a sama ne.

Mu ɗauka ma takardar ta gaskiya ce. Saura Abijan.

Gashin wannan mage gajere ne amma cunkus yake kamar darduma, don sanyin Ingila aka yi shi. Mu kuwa garin zafi da laima muke, musamman daga Mayu zuwa Yuli lokacin manyan ruwa. A irin wannan yanayi ƙuma da makero suna samun wurin ɓuya a gashi mai kauri, makero kuma yana kama yara. Mai gida a Riviera zai kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya na Treichville, inda ƙofa goma ke buɗewa cikin tsakar gida guda, yaya zai yi da dabbar da ba a bari ta fita, ba ta son hayaniya, ba ta kuma son a riƙa ɗaukarta? Mage ce mai sanyin hali, mai son kwanciya, namiji yakan kai kilo 7 ko 8, kuma saurin ƙiba gare ta in an sake mata abinci. Wanda ya saye ta don ɓerayen sito ya yi asarar kuɗinsa.

Sai cututtukan gado. Akwai ta ƙodar nan da ake kira PKD, wadda gwajin jini ko na yawu ke nunawa tun kafin a haɗa iyaye, akwai kuma kaurin tsokar zuciya da kan kashe mage farat ɗaya tana tsakiyar ƙarfinta. Amma abin da ya fi shafar mai niyyar kiwo don riba shi ne rukunin jini. A wannan iri, masu jinin B suna da yawa fiye da sauran maguna. In uwa mai jinin B ta haihu da muzuru mai jinin A, nonon farko da 'ya'yan za su sha yana iya farfasa jinin waɗanda suka gaji na uban, su mutu cikin kwana biyu zuwa uku. Mai kiwon da bai yi gwaji ba sai dai ya wayi gari ya ga jarinsa a kwance. Ɗan yayata bai taɓa jin wannan ba, kuma na tabbata mai tallar ma bai ji ba.

Wani abu kuma da ya kamata kowane gida ya sani, mai tsada ce magenku ko ta unguwa: kada a kuskura a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Da muka kai maganar gida, mahaifiyar yaron ba ta tsaya kan ƙoda ko jini ba. Tambayarta ɗaya ce: ya halatta a ci kuɗin mage? Tambayar tana da tushe. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya yi hani a kan kuɗin kare da na mage, kuma malamai irin su Ibnu Hazm da Ibnul Ƙayyim sun tsaya a kan haramci. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya da muke bi a nan, sun halatta sayar da magen gida, Imamu Nawawi kuma ya fassara hanin da cewa na magen da ba ta da amfani ne, ko kuma don a saba wa mutane ba da ita kyauta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya zauna da malaminsa. Inda babu saɓani shi ne haƙƙin ciyarwa, domin ko yaran makarantar allo sun san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare har ta mutu da yunwa. Mage 'yar ɗaki kuwa komai nata a wuyanka yake, shekara 12 ko fiye.

Allurar cutar haukan kare ita ce ba a wasa da ita. Mage ma tana ɗauka, tana kuma bayarwa ta cizo ko yakushi, kuma da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. In mage da ba a san ta ba ta ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya cibiyar rigakafin haukan kare ta INHP da ke nan Treichville a ranar, kada a tsaya shafa toka ko jiran gobe.

Daga ƙarshe na ce wa yaron ya nemi abu uku wurin mai tallar: hoton takardar uwar, lambar da ke wuyanta, da ranar da za mu haɗu a wurin likitan dabbobi a karanta ta a gabanmu. Mutumin ya turo hoton wata takarda mai hatimi har biyu, babu lamba a jiki, ya ce akwai wasu mutum uku da ke jira, a yi sauri. Da yaron ya sake maimaita maganar likita, sai saƙo ya daina shiga. Kuɗin dai suna nan, ya ce zai ƙara su a odar caja da gilasan waya ta wata mai zuwa, ko da yake har yanzu bai goge hoton ba.