The Night Before Christmas (fim na 1933)

The Night Before Christmas gajeren fim ne na zane mai motsi, wato katun, wanda kamfanin Walt Disney na ƙasar Amurka ya shirya, aka kuma fara nuna shi a ranar 9 ga watan Disamba, shekarar 1933. Wilfred Jackson ne ya ba da umarni, Leigh Harline ya tsara kiɗa, kamfanin United Artists kuma ya rarraba shi a gidajen sinima. Tsawonsa kimanin minti 8 ne. Ma'anar sunan da Hausa ita ce daren jajibirin Kirsimeti. Yana daga cikin fina-finan katun masu launi na farko da suka nuna kayan wasan yara suna tashi suna yawo kamar masu rai. Akwai wani katun na Tom da Jerry na shekarar 1941 mai irin wannan suna, amma labarinsu daban ne.

Asali

An ɗauko tushen labarin daga wata waƙar Turanci da aka fara bugawa a shekarar 1823 a wata jarida ta garin Troy da ke jihar New York, wadda ake danganta ta ga Clement Clarke Moore. Waƙar ta taimaka wajen kafa siffar Santa Claus, wanda a Najeriya aka fi sani da Fada Kirsimeti: tsoho mai fara'a da ke zuwa cikin dare a kan keken ƙanƙara da barewar ƙasashen sanyi ke ja, ya shiga gida ta bututun hayaƙi, ya zuba kyaututtuka a cikin safar da yara suka rataya kusa da murhu.

Fim ɗin ci gaba ne na Santa's Workshop, wanda ya fito a watan Disamba na 1932, inda aka nuna yadda ake ƙera kayan wasan. Dukansu biyu suna cikin jerin Silly Symphony, wanda ya ƙunshi gajerun fina-finai 75 daga 1929 zuwa 1939. A wannan jerin kiɗa ne ke jan ragamar labari, ba magana ba.

Labarin fim

Yara da yawa suna barci a gado ɗaya sai Santa ya sauko ta bututun hayaƙi da buhunsa. Ya fitar da bishiyar Kirsimeti ya buɗe ta kamar laima, sannan kayan wasa suka fito daga buhun a jere, suna fareti da kiɗa. Kowanne ya kama aikinsa: sojojin wasa suna harba ƙwallayen ado kan bishiyar da igwa, motocin kashe gobara suna fesa mata abin da ya yi kama da dusar ƙanƙara, wasu kuma suna rawa. A cikinsu har da ɗan tsanan Mickey Mouse.

Hayaniyar ta tashi yaran. Kafin su iso, kayan wasan sun koma wurarensu sun yi tsit, Santa kuma ya tsere ta inda ya shigo. Autan yaran ya leƙa bututun, baƙin hayaƙi ya zubo masa a fuska, sai ɗan kwikwiyon da aka ba shi kyauta ya lashe masa shi.

Yadda aka shirya shi

A wancan zamani da hannu ake zana kowane motsi. Ana kwafe zanen a kan wata leda mai haske, a shafa mata fenti, a ɗora ta a kan hoton bango, sannan a ɗauka da kyamara ɗaya bayan ɗaya. Sinima na nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka fim na minti 8 yana cin dubban zane-zane.

An yi amfani da fasahar launi ta Technicolor mai haɗa launuka uku. Disney ne ya fara amfani da ita a katun ɗin Flowers and Trees na 1932, wanda ya ci lambar yabo ta Oscar, kuma ya ƙulla yarjejeniyar da ta hana sauran masu katun amfani da ita har zuwa 1935. Wannan ya ba shi fifiko a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aiki a 1933.

Ce-ce-ku-ce

Wurin da fuskar yaron ta yi baƙi ya samo asali ne daga tsohuwar al'adar wasan dandamali ta Amurka, inda farar fata ke shafa baƙi a fuska don kwaikwayon baƙar fata da yi musu ba'a. Saboda haka an yanke wannan ɓangare a wasu nune-nunen da aka yi daga baya. Haka ma Santa's Workshop, wanda ake nunawa duk shekara a talabijin ɗin ƙasar Suwidin ranar 24 ga Disamba, an cire masa wata baƙar 'yar tsana a 2012, abin da ya jawo muhawara a ƙasar. Wasu na ganin a cire irin waɗannan wurare saboda yara, wasu kuma na ganin a bar su tare da bayani domin kada a ɓoye tarihi.

Tasiri

Batun kayan wasa masu rai ya girmi wannan fim. Arthur Melbourne-Cooper na Ingila ya yi Dreams of Toyland a 1908, Jackson kansa kuma ya yi Midnight in a Toy Shop a 1930. Bayansa Disney ya fitar da Broken Toys a 1935. Dabarar kayan wasa su daskare da zarar mutum ya shigo ita ce daga baya ta zama ginshiƙin Toy Story na 1995, fim mai tsawo na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. An sake fitar da The Night Before Christmas a faifan DVD a shekarar 2006.