Hazon Hunturu a Nguru: Asalinsa da Abin da Yake Haifarwa

Duk wanda ya san Nguru, garin nan na arewacin Yobe inda layin dogo da ya taso daga Kano ya tuƙe, ya san cewa da zarar an kai gero rumbu aka shiga watan Nuwamba, sai sararin sama ya sake kama, rana ta fito ba kaifi, leɓe ya tsage, kaushi ya kama ƙafa, tari kuwa ya bi gida gida har bazara ta kawo jiki. Galibin jama'a suna ɗaukar wannan al'amari abu ne da ba hannun ɗan Adam a cikinsa. Amma ko da yake kome da ƙudurar Allah yake gudana, wajibi ne mai hankali ya rarrabe sabubba, domin ƙurar da ake shaƙa a garin ba daga tushe guda take ba.

Kashi na farko baƙo ne. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can yake ƙarƙashin ruwan babban tafkin Chadi, da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, watau ragowar ƙananan halittun ruwa. To idan iskar arewa maso gabas ta matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, sai ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa ta watsa ta a kan Borno da ƙasar Hausa har bakin teku. Wannan hazo ya girmi kakanninmu, kuma ba sharri ne zalla ba, gama abin da yake sauka a gonaki yana ƙara wa jigawa ɗan albarka, sanyin da yake tafe da shi kuwa shi ne sharaɗin noman alkama a fadama.

Kashi na biyu, wanda a ganina shi ne yake ƙaruwa, ɗan gida ne. Tun daga farin 1973 da na 1984, da jama'a suka yawaita, aka daina barin gona ta huta, aka sare itatuwa domin girki da gawayi, manomi kuma ya shiga kwashe kara da harawa ƙaf saboda sun zama kuɗi, sai gona ta zauna tsirara wata shida ko bakwai, kofaton dabbobi yana niƙa ta, iska tana ɗiba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin Haɗeja yake malala, waɗansu fadamu suka bushe, waɗansu kachalla ta toshe su. A kan wannan sai a ƙara hayaƙi: na murhu, na ƙona bola da daji, da na wutar jin ɗumi a ɗaki rufe, wanda sanyin asuba yake danne shi ƙasa daidai lokacin da almajirai da masu zuwa masallaci suke waje.

Mafi tsananin illa ita ce sanƙarau. Likitoci sun bayyana cewa busasshiyar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro, cunkoson kwana a ɗaki ɗaya saboda ɗari kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar cutar, shi ya sa take tashi daga tsakiyar hunturu, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Rigakafin da aka fara a 2011 ya karya lagon nau'in da ya yi wannan ɓarna, sai dai wani nau'in ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. Asma, ciwon ido da ciwon haƙarƙarin yara kuwa ba a ma lissafa su, don an saba.

Manomi yana biyan nasa bashin ne a farkon damina, sa'ad da iskar hadari take kwaso rairayin gonar maƙwabcinsa, ba na Bodele ba, ta binne tsiron gero har ya sake shuka. A nan ne abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun tsakiyar shekarun 1980 ya cancanci nazari, domin maimakon jiran dashen hukuma, sai suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi masa sassabe, har itatuwa suka dawo a fili mai faɗin miliyoyin kadada. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratso ta Yobe, amma dashen da ba shi da mai shi, akuya ce take gamawa da shi kafin damina ta zagayo.